Ranar da Vojin Ya Kai Baba Ƙauye

Ƙanena Vojin ya ce mu same shi a matsayar jirage ta Smederevo da sassafe, mu uku kawai za mu tafi, ni da shi da Baba. Haka ya faɗa mini a waya, haka kuma ya maimaita a gaban Baba ranar Lahadi, bakinsa cike da abincin da na dafa. Shi ya sa da muka gangaro bakin kogin Danube, hannuna ɗaya a damtsen Baba, ɗayan riƙe da kwando, na hango wani ƙaton mutum da farar hular matuƙa ya baje a kujerar baya, ga wata mata tana ɗaukar kanta hoto, sai na zaci jirgin wani muka nufa.

Jirgin Vojin ne. Ya tsallako ya tare mu tun kafin mu ƙarasa, ya karɓi kwandon yana murmushin nan nasa na marar gaskiya, wanda na sani tun yana yawo da gajeren wando. Ya ce sunan mutumin Gradimir, waccan kuma matarsa ce, Jasna. Ya rage murya ya ce Gradimir ne ke da ta cewa a ofishin da ke ba da izinin gini a bakin kogi, shi kuwa ya daɗe yana neman a bar shi ya kafa gidan abinci a kan ruwa. Wai jiya da yamma maganar tafiyar ta suɓuce masa, mutumin ya ce yana sha'awa, to ya zai yi.

Na ce, "Sai ka gaya masa kabari za mu ziyarta."

"Haba Yaya. Jirgin zai ɗauke mu duka. Ba za su tare wa kowa komai ba."

Baba yana gefe. Ya saka baƙar kwat ɗinsa ta zuwa coci, wadda ta yi masa yawa tun rasuwar Mama, yana tsaye yana kallon hazon da ya kwanta a kan ruwa.

Ƙauyen da aka haifi Baba yana can ƙasa, cikin matsatsin duwatsu, kafin a kai Donji Milanovac. A ƙarƙashin ruwa yake yanzu. Ina jaririya aka gama gina madatsar ruwa, kogin ya taso ya shanye gidajen, aka kwashe mutane, iyayenmu suka dawo Smederevo, Baba ya shiga masana'antar ƙarfe. Kafin ni sun haifi ɗa namiji, Ratko, wanda ya rasu bai ko fara tafiya ba. Da za a tashi an tono gawarwakin manya an mayar da su sabuwar maƙabarta a kan tudu, amma a cikin gaggawar ba a gano ɗan kabarin Ratko ba, aka bar shi a can. Duk zamanta a duniya Mama ba ta roƙi ɗayanmu komai ba sai a kai ta saman wurin ta kunna masa kyandir. Ranar da Vojin ya sayi jirgin ya yi mata alkawari. Shekara ta zagayo ya ce inji, wata ta zagayo ya ce aiki, wata kuma ya kwashi abokai suka tafi teku. Mama ta rasu a watan Afrilu ba ta je ba. Wannan tafiyar ta Oktoba ni na matsa aka yi ta, na yi ta kiransa har ya gaji da ganin sunana a wayarsa.

Muka shiga. Kujerar da ke da rumfa, wadda iska ba ta dukanta, Gradimir ya cika ta shi kaɗai. Ya miƙa wa Baba hannu daga zaune, ya kira shi dattijo, ya ce ai tsofaffin da ƙarfe ne su, ba irin na yanzu ba. Vojin ya zaunar da Baba a kan akwatin ƙanƙara. Na tsaya ina kallonsa har ya ji kallon a ƙeyarsa, sai ya duƙa yana kwance igiya. Na cire mayafin wuyana na naɗe na shimfiɗa wa Baba a kan akwatin.

Hazo ya ɗaga bayan mun wuce manyan jiragen dakon tsakuwa. Bishiyoyin bakin kogi duk sun yi ruwan ɗorawa, ganye na zubowa yana bin ruwa tare da mu. Daga bayan gidaje hayaƙi na tashi, ƙamshin gasasshen tattasai na isowa har tsakiyar kogi, don lokacin da kowace mace ke cika kwalabe ne kafin sanyi. Ni ma da ina gida da abin da nake yi ke nan. Baba ya ɗora hannayensa a gwiwa yana kiran sunan kowane ƙauye a hankali kafin mu kai shi. Na so in ji shi, amma Jasna ta fito da wata 'yar lasifika ta kunna waƙoƙin biki, Gradimir yana bi da murya kamar ana jan tebur a kan siminti.

Ina cikin ɗakin jirgin ina neman bargo sai na ji ƙarar cokali. Da na fito Gradimir ya buɗe kwandona. Ya tsallake burodi da cuku da soyayyar kaza, ya ɗauko kwanon dafaffiyar alkama da na yi da sukari, wadda ake yi wa mamata, wadda na kwana ina dafawa don Ratko da Mama. Ya rungume kwanon a kan tumbinsa yana ci. Ya ce rabonsa da cin mai daɗin wannan tun jana'izar surukarsa, ya tambaya wa ya rasu, bai jira amsa ba ya sake cika cokali.

Na kalli Vojin. Yana riƙe da sitiyari, ya ga komai ta gefen ido, ya ce wa Gradimir ai yayarsa gwana ce a girki, ya ci ya ƙoshi. Na je na zare kwanon daga hannun mutumin na rufe. Saura bai kai rabi ba. Ya bi ni da kallo cokali a baki, sannan ya yi dariya ya ce wa Vojin yayar nan tasa ba ta da wasa.

Can gaba ya ce shi ma zai tuƙa. Vojin ya matsa masa jiki na rawa. Mutumin ya danna mai har gaban jirgin ya ɗaga sama, Baba ya zame daga kan akwatin, da ban riƙo kwat ɗinsa ba da ya kai ƙasa. Muka wuce dab da wani masunci a ƙaramin kwale-kwale, igiyar ruwanmu ta kusa kifar da shi. Masuncin ya miƙe yana ɗaga mana hannu, yana ambatar uwar mai jirgin da kakarsa. Gradimir ya ɗaga masa hula. A raina na ce da masuncin ya san uwar da yake zagi da ya ji kunya, amma ban ga laifinsa ba.

Rana ta kusa tsakiya muka iso Veliko Gradište. Gradimir ya ce akwai wani gidan abinci a nan da babu kamarsa a farfesun kifi, kuma wanda ya wuce bai tsaya ba bai ga kogi ba. Na ce muna da abinci a kwando, tafiya kuma da saura sosai, rana ta gajarta. Vojin ya ce loma biyu kawai za a yi a tashi.

An kawo farfesu a tukunya. Bayan farfesu aka kawo soyayyar tarwaɗa, bayan tarwaɗa aka kawo giyar inabi, sai ga wani mai kiɗa ya tsaya a kan teburinmu don ya san Gradimir. Baba ya sha romo cokali kaɗan ya ture kwanon, ya zauna a miƙe kamar a coci, yana amsa duk tambayar da aka yi masa da ladabi. Inuwar rumfar ta tashi daga kan teburinmu ta koma kan na kusa. Mai gidan abincin da ya zo kwashe kwanuka ya ɗaga kai ya kalli saman bishiyoyi, ya ce košava, iskar nan mai ƙarfi ta kogin, ta fara kaɗawa, in ƙasa za mu yi gara mu wuce Golubac tun da sauran rana. Gradimir ya ce a ƙaro kwalba.

Na bi Vojin wurin wanke hannu na tare ƙofa. Na gaya masa ya tashi mutumin nan yanzu ko ni in tashe shi. Ya ce ban san yadda duniya ke tafiya ba, ni albashi nake jira a asibiti, shi kuwa sai ya lallaɓa mutane yake ci. Ya ce ƙauyen ba inda zai je, ya shekara hamsin a wurin.

Na ce, "Haka ka gaya wa Mama."

Ya daɗe yana goge hannunsa da tawul. "Kada ki sako Mama a wannan."

"Ni na sako ta? Don wa muka fito?"

Ya ratsa ta gefena ya fita. Da na dawo teburin na tarar yana zuba wa Gradimir giya. Sai da aka shanye kwalbar muka tashi.

A Golubac kogin yana buɗewa ya yi faɗi kamar tafki kafin ya shige tsakanin duwatsu, kuma a nan iskar ta same mu. Ruwan ya koma launin toka, yana tasowa yana marin gaban jirgin yana watso mana. Hasumiyoyin tsohuwar ganuwa suna gabanmu, muna tafiya amma kamar ba ma matsawa. Vojin ya karɓi sitiyarin ba tare da ya nemi izini ba, karon farko ke nan a ranar da ya yi abu kamar mai jirgi. Na lulluɓe Baba da bargo na tura shi cikin ɗaki, ya ƙi, ya ce shi a waje zai zauna.

Jasna ce ta fara amai. Ta durƙusa a gefe, gashinta na shiga bakinta, mijinta yana mata dariya yana cewa farfesun mutane take mayarwa kogi. Na shekara talatin ina riƙe kan masu amai, hannuna ya tafi da kansa. Na tattare mata gashin, na ba ta ruwa, na ce ta kalli dutse can nesa kada ta kalli ruwa. Da ta ɗan samu kanta ta tambaye ni wai dattijon me ya sa ya yi shigar coci a jirgin shaƙatawa. Sai na gane ba wanda ya gaya mata komai. Na gaya mata a taƙaice, ban tausasa ba, har maganar alkamar da mijinta ya ci. Ta rarrafa ta kashe lasifikar ta jefa a jakarta. Gradimir ya tambaya wa ya kashe waƙa, ta ce batir ne ya ƙare.

Da muka shiga matsatsin, duwatsu suka rufe mu hagu da dama, nan namu, can na Romaniya. Dajin da ke jikinsu ya yi ja da ruwan ƙasa, ana ganin motoci ƙanana suna shiga ramin dutse suna fita a kan titin da ke sama. Iskar ba ta daina ba, ta dai koma zuwa a guguwa, ta lafa ta sake bugowa. Rana ta faɗa bayan dutse da wuri, sanyi ya sauko. Baba ya miƙe ya kama ƙarfen gefen jirgin da hannu biyu, ni kuma na kama shi ta baya.

Mun yi tafiya mai nisa a haka. Sai kogin ya sake buɗewa, Baba ya ɗaga hannu ya ce a rage gudu. Vojin ya rage. Baba ya kalli tudun dama ya ce nan ne, ga kwarin da suke kai awaki. Muka matsa kusa, ya girgiza kai ya ce a'a, wancan kwarin yana da farin dutse a bakinsa, a ƙara gaba. Muka ƙara. Ya sake cewa nan ne, ya sake janyewa. Gonakin da ya sani duk daji ya cinye su, an yanka titi a inda babu, an fasa duwatsu. Shi kuma daga ƙasa, cikin ƙauyen, ya saba kallon tuddan, bai taɓa ganinsu daga tsayin nan ba.  Ya ce a ɗan koma baya.

Vojin ya kalli sama, ya kalli Gradimir da ya fara hamma yana tambayar ko an tanadi abincin dare a Milanovac. Sai ya duƙa kan na'urar auna zurfin ruwa, ya buga gilashinta da yatsa, ya ɗaga murya da fara'ar ƙarya.

"Baba, zo ka gani. Ga shi nan ƙarƙashinmu. Ka ga wannan tudun? Cocinku ne. Mun iso."

Baba bai je ba. Ya juyo a hankali ya dube shi. Ya ce cocin da hannunsu suka rushe shi kafin ruwa ya zo, shi da ƙannen Mama suka sauke ƙararrawar, ko tubali ɗaya ba a bari a kan wani ba. Ya ce, "Ni tsoho ne, Vojin, ba yaro ba."

Da an bar maganar a nan da wataƙila na haɗiye. Amma Gradimir ya yi miƙa ya ce to dattijo, ko ma ina ne, yanzu tarwaɗa ce ke kwana a ɗakinka, kuma wa ya sani ko ita muka ci ɗazu. Ya bushe da dariya shi kaɗai. Vojin ya yi wata 'yar dariya ta rakiya, gajeriya, wadda har yau nake ji a kunnena. Sannan ya ce duhu na zuwa, ba zai kwana yana zagaye ba, Baba ya jefa kyandir ɗin a ko'ina ai duk ruwa ɗaya ne. Ya tura mai, jirgin ya zabura.

Na saki Baba na taka zuwa wurin tuƙi. Na miƙa hannu ta ƙarƙashin hannun Vojin na murɗa makullin na zare shi. Injin ya yi tari ya mutu. Ba a jin komai sai iska da ruwa na dukan jikin jirgin.

Vojin ya tsaya da baki buɗe. Na koma gefe na miƙa hannuna saman ruwa, makullin a tsakanin yatsuna. Na ce ba inda za mu sai Baba ya gama abin da ya kawo shi, in ya ɗauki awa ɗaya ma sai a jira, wanda kuma ya matso kusa da ni zai yi iyo ya nemo makullinsa.

Jirgin da ba inji sai ya bi iska. Ya juya ya ba igiyar ruwa gefensa, ya fara tangaɗi, kwalabe na gangarawa a ƙasa. Gradimir ya kama kujera da hannu biyu ya daina dariya, ya ce wa Vojin matar nan mahaukaciya ce, ya karɓe. Vojin ya ce mini muna tsakiyar hanyar manyan jirage ne, in ba shi, za mu yi magana daga baya. Na ce na sha jin daga baya a bakinsa.

Baba ya fito da kyandir daga aljihun ƙirjinsa, siriri, ruwan zuma, irin na coci. Ya ƙyasta ashana iska ta kashe. Ya sake, ta kashe. Yatsunsa sun ƙage da sanyi, ashanar na karyewa. Jasna ta rarrafo da abin kunna sigarinta, ta buɗe rigar sanyinta ta kare shi da ita, su biyu a durƙushe kamar masu ɓoye wani abu. Wutar ta kama lagwanin, ta yi rawa, ta mutu.

Sai muka ji ƙaho. Daga bayan kwanar dutse wani jirgin tura kaya ya ɓullo yana hawowa, da dogayen akwatunan ƙarfe a gabansa, faɗinsu kamar unguwa. Irin waɗannan ba sa iya tsayawa ko kaucewa, kowa a bakin kogi ya san haka, ni ma na sani. Ya sake busa ƙaho, mai tsawo. Vojin ya yi fari fat. Ya daina ba da umarni ya koma roƙo, yana kirana Yaya, yana haɗa ni da Allah da 'ya'yana. Na ga akwatunan suna girma, na ji hannuna ya yi sanyi a saman ruwa, amma wallahi raina bai huce ba ko kaɗan. Na ce Baba bai kunna ba tukuna.

Baba ya dafa kafaɗar Jasna ya miƙe. Bai ɗaga murya ba.

"Zorka, ba shi makullin."

"Sai ka gama, Baba."

"Ɗa ɗaya na bari a ruwan nan. Ya isa."

Na miƙa wa Vojin. Ya fizge, hannunsa na kuskure ramin. Injin ya ƙi a karon farko, ya kama a na biyu, Vojin ya karkata mu zuwa gaɓa da dukan ƙarfin jirgin. Akwatunan suka wuce ta gefenmu, baƙaƙe, masu tsatsa, kusa har ina ganin ciyawar ruwa a jikinsu. Wani ma'aikaci a sama yana zaginmu da Romaniyanci yana nuna kansa da yatsa. Igiyar da suka bari ta ɗaga mu ta buga, Gradimir ya faɗo daga kujera ya zauna a cikin ruwan da ya taru a ƙasa.

Da jirgin ya daidaita, Baba ya sumbaci kyandir ɗin ya sake shi a ruwa ba wuta. Ya ce in miƙo masa kwanon. Ya juye ragowar alkamar, ya buɗe 'yar kwalbar barasar gida da ya zo da ita ya tsiyaya, ya yi alamar gicciye, ya kira sunan Ratko da na Mama. Bai ɗauki lokaci ba. Ya koma kan akwatin ƙanƙara ya zauna, ya ja bargo.

Muka isa Donji Milanovac. Fitilun gari sun fara kamawa. Gradimir ne ya fara sauka, wandonsa a jiƙe, bai yi wa kowa sallama ba, yana tafe yana kiran direbansa a waya ya zo ya ɗauke su. Jasna ta tsaya ta riƙe hannun Baba da hannu biyu, ta so ta ce wani abu, mijinta ya kira ta daga tudu, ta tafi.

Vojin ya ɗaure igiya, ya miƙe, ya fuskance ni. Ya ce na kusa kashe mutum biyar, na kuma kashe masa abin da ya shekara yana bi, ya tambaya ko yanzu hankalina ya kwanta. Na ce bai kwanta ba. Na ce shi ya tsaya shan farfesu har rana ta faɗi, shi ya yi wa ubansa ƙarya a kan kabarin wansa, shi ya yi dariya. Ya ce bai yi dariya ba. Na ce na ji da kunnena. Ya ce ni dai tun muna yara burina in zama mai gaskiya, kowa ya zama mai laifi, kuma ko Mama ta gaji da halina. Na ɗauki kwandona, na kama hannun Baba, muka hau tudu muka bar shi a wurin.

Akwai 'yar ƙanwar Mama da ke aure a garin, gidanta muka nufa. A hanya Baba ya gaji, muka zauna a wani benci da ke kallon kogi. Na tambaye shi ko yana ganin wurin ne muka tsaya. Ya ce bai sani ba, wataƙila mun wuce shi tun kafin ya fara dubawa. Washegari muka hau bas muka koma gida.

Izinin ginin bai fito ba. Vojin ya sa aka ɗaga jirgin aka rufe shi da tamfol saboda sanyi, ni da shi kuma muka daina magana. In zai zo wurin Baba sai ya tabbatar ina wurin aiki.

A ƙarshen Nuwamba aka yi bikin waliyyin gidanmu, wanda ba mai iya ƙin zuwa. Gidan Baba ya cika da dangi da maƙwabta, ni na yi girkin duka. Vojin ya zo da matarsa ya zauna a can ƙarshen tebur. Ina shigowa da tire sai na ji Baba yana ba tsofaffin abokan aikinsa labari, fuskarsa ta yi ja da barasa da farin ciki. Yana cewa ɗansa ya ɗauke shi a jirginsa na kansa, tun daga Smederevo har ƙauye, cikin košava, bai ji tsoro ba, ya tsayar da jirgin daidai ƙofar gidansu. Tsofaffin suka juya suna jinjina wa Vojin, wani ya ce irin ɗan da ake roƙon Allah ke nan. Wata maƙwabciya ta tambaya ko Zorka ma ta je. Baba ya ce ƙwarai, ita ta kawo abinci.

Na ajiye tiren na koma kicin. Na buɗe famfo na fara wanke tukwanen da ba a ma gama da su ba.

Can sai ga Vojin ya shigo da tarin kwanuka a hannu, abin da ban taɓa ganin ya yi ba tun da aka haife shi. Ya tsaya a bayana. Ya ce ya yi tambaya, an ce akwai wani tsoho ɗan ƙauyen da har yanzu yake kamun kifi a wajen, shi ya san wurin. In ruwa ya yi ɗumi sai mu koma, mu uku.

Ban juyo ba. Na ce ya ajiye kwanukan a nan ya matsa, yana tare mini haske.